Kurakuran da ɗaliban Falasɗinu suka fi yi wajen neman tallafin karatu a waje

Ni dai a Turkiyya na yi karatu da tallafin gwamnatinsu, kuma a ɗakin kwana na zauna da wasu 'yan Falasɗinu biyu, ɗaya daga Nablus ɗaya daga Gaza, to tun daga lokacin duk shekara sai ƙannensu ko abokansu sun turo min takardu in duba musu kafin su tura. Wallahi kurakuran kusan iri ɗaya ne suke ta maimaituwa, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda yake da aboki Bafalasɗine ya isar masa, mu ma namu ɗaliban za su tsinci abin tsinta.

Na farko, mutum bai duba wace takarda yake riƙe da ita ba ya hau cike fom. Mu a wajenmu fasfo ɗaya ne shi ke nan, su kuwa ba haka ba ne. Akwai mai katin Yammacin Kogin Jodan, akwai na Gaza, akwai mazaunin Gabashin Ƙudus mai shuɗin kati, sannan ga 'yan gudun hijira a Lebanon da Siriya da Jodan, kuma kowane tallafi da irin wanda yake ɗauka. Gidauniyar Saïd misali tana biyan digiri na biyu a Birtaniya ga 'yan Falasɗinu da Siriya da Jodan da Lebanon, HESPAL na British Council kuma na ƙananan malaman jami'o'in Falasɗinu ne, ba na duk wanda ya gama digiri ba. Ka karanta sharuɗɗan tukuna, idan ba ka gane ba ka tura musu imel, suna amsawa. Ɗan Ƙudus kuma sai ya ƙara lura, don in ya yi shekara bakwai a waje ko ya karɓi takardar zaman dindindin ta wata ƙasa Isra'ila tana iya soke masa izinin zama a garinsu, saboda haka ya nemi shawarar lauya tun kafin ya haɗa kaya.

Sai maganar suna, ƙaramin abu ne amma yana kayar da mutum. Sunan Larabci mai gaɓa huɗu, a fasfo Mohammed, a sakamakon Tawjihi (jarrabawarsu ta gama sakandare) da aka fassara Muhammad, a takardar IELTS (jarrabawar gwajin Turanci) kuma an yar da sunan kaka. Na taɓa ganin wata yarinya da aka dawo mata da takardunta saboda harafi ɗaya tak, ta yi sati uku tana zirga-zirga tsakanin mai fassara da ofis. Yadda fasfo ya rubuta haka za a bi ko'ina, ka ba mai fassara hoton fasfon a hannu kar ka bar shi ya yi da ka.

Amma inda na fi jin ciwo shi ne wajen rubutun bayanin kai. Yaron nan na Gaza da ya fara turo min nasa, shafi biyu cif duk labarin ruwan bama-bamai ne da rashin wuta da gidan da aka rushe, na karanta har idona ya kawo ruwa, amma da na kai ƙarshe ban san me yake so ya karanta ba balle me zai yi da shi. Gaskiya ce ya faɗa ba ƙari, sai dai masu tantancewa sun karanta irinsa da yawa, abin da suke nema shi ne kai me ka yi a cikin halin. Na kira shi na ce ɗan'uwa, ba kai ka ce min kana tara yaran unguwa a tanti kana koya musu lissafi ba? Ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na ce to shi ne abin, yara nawa, sau nawa a sati, a ina ka samo allo, wa ka shawo kansa ya ba ku wuri. Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tambaya take yi ƙarara a kan jagoranci da iya hulɗa da mutane da shirinka bayan karatu, kuma sharaɗi ne ka koma gida na shekara biyu, to wanda ya rubuta cewa shi dai burinsa ya fita kar ya dawo ya kashe kansa da hannunsa. Wahalar ka faɗe ta a layi uku ko huɗu, sauran filin ka ba aikinka.

Wasu kuma suna ganin ba su da gogewar aiki sai su fasa nema. Chevening awa 2,800 take so, kusan shekara biyu ke nan, kuma aikin sa-kai yana shiga lissafi. Wanda ya yi raba kayan agaji ko fassara a asibiti ya nemi takardar shaida tun yanzu.

Lokaci ma yana cin mutane. Neman tallafin Turkiyya yawanci daga 10 ga Janairu ne zuwa 20 ga Fabrairu, kuma akwai iyakar shekaru, ƙasa da 21 a digirin farko, ƙasa da 30 a na biyu, ƙasa da 35 a na uku. Na Hungary tsakiyar Janairu yake rufewa, kuma cike fom kaɗai bai isa ba sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Falasɗinu ta miƙa sunanka, da yawa nan suke mantawa. Sakamakon IELTS shekara biyu yake yi ya mutu. Mai fama da yankewar intanet kar ya jira daren ƙarshe, ya rubuta komai a waya ya ajiye, ya tura wa amintacce a waje kwafi. Takardu kuma a ɗauki hotonsu a zuba a imel yau ɗin nan, don jami'o'in Gaza irin su Jami'ar Musulunci da Al-Azhar an ragargaza gine-ginensu tun daga 2023, wanda takardarsa ta ƙone ya rubuta wa makarantar da yake nema ya faɗi gaskiya, kar ya kuskura ya sayi ta bogi.

Sannan a daina rataya buri a ƙasa ɗaya. Fulbright, tallafin karatu na gwamnatin Amurka, da shirin musayar ɗaliban sakandare na YES ta hannun ƙungiyar AMIDEAST aka saba bi, an daɗe ana cin moriyarsu, amma tun 2025 Amurka ta toshe biza ga masu fasfon Hukumar Falasɗinawa, to sai a haɗa da DAAD ta Jamus da Turkiyya da Birtaniya.

Babban kuskuren kuwa shi ne zaton an samu tallafi an gama. A 2008 ɗalibai bakwai daga Gaza sun ci Fulbright aka janye saboda Isra'ila ta hana su fita, sai da maganar ta kai ga Condoleezza Rice, sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, sannan aka mayar. Falasɗinu ba filin jirgi mai aiki, ɗan Yammacin Kogin Jodan sai ya bi gadar Allenby ya shiga Amman, ɗan Gaza kuma ya dogara da mashigar Rafah ta iyakar Masar, wadda Isra'ila ta ƙwace ɓangarenta na Gaza a Mayun 2024. Don haka ranar da saƙon nasara ya shigo, ranar za ka tambaye su ko suna yarda a ɗaga maka zuwa baɗi, ko za ka iya farawa ta intanet, a wace ƙasa za a ɗauki hoton yatsunka na biza, wa zai biya zaman jira a Jodan ko Masar. Ka sa su rubuto maka amsar a imel, ka duba kwana nawa ya rage wa fasfonka tun kafin a kira ka intabiyu.