Yadda Ake Binciken Saniyar Da Aka Tsinta An Yayyanke, Idan An Ce An Ga Jirgi Da Dare

A tsakiyar shekarun 1970, masu kiwo a jihohin Kansas, Nebraska, Colorado da New Mexico na Amurka sun riƙa wayar gari su tarar da saniya a mace, ba ido, ba harshe, ba hantsa, an ƙwaƙule dubura, kuma ba jini a ƙasa. Wasu suka ce daren sun ji rugugin jirgi mai saukar ungulu marar lamba. Abin ya yi tsanani har a 1975 Sanata Floyd Haskell na Colorado ya nemi FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta shigo, mutanen karkara kuma suka fara kwana da bindiga. Har yau ba a daina ba: a 2019 an tsinci bijimai biyar a haka a gundumar Harney ta jihar Oregon. Binciken irin wannan lamari yakan mutu idan an kira likitan dabbobi a makare, bayan jama'a sun tattake wurin.

In ka tsinci irin wannan mushe, kafin komai, ka tsaya nesa, kamar taku ashirin, ka hana mutane da karnuka matsawa. Dubi hanci, baki da dubura. In ka ga baƙin jini da bai daskare ba yana tsatsafowa, kada a farke cikin, kada a fiɗe fatar, domin yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum, ƙwayoyinsa kuma suna shekaru da yawa a cikin ƙasa. Kira likitan dabbobi da 'yan sanda nan take. Lokacin zafi, mushen da ya wuce awa 24 ya riga ya ɓoye yawancin abin da ya kashe shi.

Daga nan sai hoto. Fara daga nesa, daga kusurwa huɗu, yadda shinge, bishiya ko ruwan da ke kusa za su fito, domin aradu ta fi kashe shanu a gindin bishiya da jikin wayar shinge. Ka zagaya wurin har kamar mita 50 kana neman sawun taya, takalmi, kare ko kashin tsuntsu. Sannan ka matso da safar hannu, ka ajiye rula kusa da kowane rauni kafin ka ɗauka.

Bakin raunin shi ne inda aikin yake, kuma nan ne ido ke yaudarar mutum. Ungulu, hankaka, dila da karen dajin da ake kira koyoti suna shan wahalar huda fatar gadon baya, sai su nufi inda ke da taushi: ido, leɓe, harshe, hantsa, al'aura, dubura. Waɗannan su ne daidai sassan da ake cewa an cire. Koren ƙuda yana yin ƙwai a cikin awoyin farko, su ƙyanƙyashe cikin kwana guda, tsutsa ta cinye ragowar naman da ya yi zaro-zaro. Rana ta busar da fatar, ta ja baya, sai ramin ya zama zagaye sumul. Iskar da ke kumbura ciki ma tana tsaga fata a miƙe kamar an ja reza. A 1979 'yan sandan gundumar Washington a jihar Arkansas sun ajiye mushe suka sa masa ido kwana biyu, suka ga hakan ya faru a gabansu.

Saboda haka sa gilashi mai ƙara girman abu ka dubi gashin da ke bakin raunin. Wuƙa tana datse gashi a tsakiyarsa, tana barin ɗan tsini inda ta fara da inda ta tsaya, wani lokaci har da zane a jikin ƙashi. Haƙori yana yage fata ne, ya bar gashi cikakke, ya bar ƙananan huji da alamar ja. Likita zai yanko bakin raunin tare da lafiyayyar fata, ya sa a ruwan fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, ruwan ya ninka naman sau goma. Wani yankin a sa a ƙanƙara ya yi sanyi, amma kada wanda za a duba da madubin likita ya daskare, daskarewa tana farfasa shi.

Batun rashin jini ba shi da wuya. Da zuciya ta tsaya, rauni ba ya zubar da jini, jinin yakan kwanta a gefen da dabbar ke kai. A juya mushen a duba. A duba tumbi kuma, ko ta ci ganye mai guba ko dalmar tsohon batirin mota.

Labarin jirgi a rubuta shi a takarda daban, kowane mai shaida shi kaɗai, kafin su haɗu su daidaita baki. Ƙarfe nawa, daga ina ya nufi ina, minti nawa ya yi, wane irin fitila. Jirgi yana da ja a hagu, kore a dama, fari a wutsiya, kuma jiragen farar hula na Amurka lambarsu tana farawa da harafin N. Tun 2020 jirage da yawa suna watsa matsayinsu, ana iya dubawa a manhaja irin Flightradar24, ko da yake ba duka ke bayyana ba. In mai saukar ungulu ya sauka, ana iya ganin layi biyu a jere inda ƙafafunsa suka danna ƙasa, ciyawa kuma ta kwanta a zagaye. A tambayi kamfanin lantarki, hukumar namun daji da sansanin soja mafi kusa, domin a yankin Wyoming, Nebraska da Montana jiragen soja suna sintiri a kan ramukan makamai masu linzami. Kada a kuskura a harbi jirgi, a Amurka laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 20.

Kenneth Rommel, tsohon jami'in FBI da ya yi shekara guda yana bin kararrakin New Mexico, ya ce a rahotonsa na 1980 namun daji da ruɓewa ne suka yi aikin a duk mushen da ya duba. Makiyaya da yawa ba su gamsu ba, kuma muna ganin bai dace a raina su ba, domin akan samu mutum ya sa wuƙa a dabbar wani. Idan likita ya tabbatar da datsattsen gashi ko zanen wuƙa a ƙashi, a miƙa wa 'yan sanda hotuna, samfurin fata da lambar kunnen dabbar a ranar, a kuma matso da sauran garken kusa da gida.