Darasi na 6: Ciwon huhu a garken awaki

Da hunturu ya kama a Tahoua za ka ji awaki na tari da dare, majina na zuba, akuya ta koma gefe ta ƙi cin harawa, numfashi sama-sama kuma jiki zafi rau. To kar a ce mura ce za ta wuce da kanta, sau da yawa huhu ne ya kamu.

Ƙwayoyin da ke kawo haka ido ba ya ganinsu, bakteriya ake ce musu. Akwai Pastirela da Manhemiya, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, waɗannan biyun dama suna zaune cikin hanci da maƙogwaron akuya mai lafiya, ba sa yi mata komai sai ranar da jiki ya yi rauni, sanyi ko yunwa ko ƙura ko doguwar tahiya cikin mota daga kasuwar Abalak an cushe su kan juna, nan ne ƙwayoyin suke gangarawa cikin huhu. Ta uku Maikoplasma, ita ce muguwar, tana bin tari daga akuya zuwa akuya, ruwa ya taru a ƙirji, zafin jiki ya kai digiri 41, garke ya yi ta mutuwa. Fenisilin ba ya kashe ta, shi ya sa sayen allura da ka a kasuwa asarar kuɗi ce kawai.

In ka ga alama, ware maras lafiyar nan take, turkenta daban, kwanon ruwanta daban, a kare ta daga iska. Sai a kira likitan dabbobi, shi ya san ko oksitetrasiklin ko tailosin ya dace da kuma yawan da nauyinta zai ɗauka. Don Allah a ƙarasa alluran ko da ta fara cin abinci, kuma kar a ba yara nononta sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika.

In tarin ya zo da zawo da gyambo a baki, wata cuta ce daban, PPR, bairos ke kawo ta, wata irin ƙwaya ce da ba bakteriya ba, magani ba ya kashe ta sai rigakafi, kuma ita ma tana buɗe wa bakteriya hanya. In masu allurar rigakafi sun zo gari a kai awaki duka. Sabuwar akuya daga kasuwa kuma ta yi sati 3 a ware kafin ta shiga garke.