Wasan dabe na Turanci a Jamus: shiga ba wuya, a kula da takardu

Duk ɗan'uwan da ya sauka a Jamus da Turanci a bakinsa, Jamusanci bai zauna ba tukuna, nakan tura shi wuraren wasan kwaikwayo na Turanci, domin a nan ake saurin samun abokai. Wuraren sun daɗe. An buɗe na Viyana a Ostiriya a 1963, na Hamburg a 1976, na Frankfurt a 1979, kuma a gefensu akwai ƙananan ƙungiyoyin 'yan sa-kai da ke atisaye da yamma bayan an tashi daga aiki. Shi kuwa wasan barkwanci na nan take, wanda ba a rubuta shi ba a haddace shi, daga Chicago ya bunƙasa, inda aka kafa gidan wasan barkwanci na Second City a 1959, sannan wasu matasa Amurkawa suka kai shi Amsterdam da sunan Boom Chicago a 1993. Wanda ya taso yana yin tashe da azumi ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma yaranmu sukan burge tun ranar farko.

Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi da ɗaki. Ɗalibi yana da izinin aikin albashi na kwana 140 a shekara, amma idan aka biya shi ladan wasa a matsayin mai zaman kansa, wannan wani babi ne dabam, wanda sai ofishin kula da baƙi ya amince. A karanta abin da aka rubuta a takardar izinin zama kafin a miƙa hannu a karɓi ko Yuro ɗaya.

Batun ɗaki ya fi ci mini rai. A waɗannan ƙungiyoyi kullum akwai mai shirin tafiya da ke neman wanda zai riƙe masa ɗaki, sai sabon zuwa ya yi caraf ya biya kuɗin ajiya ba tare da ya tambayi ko za a ba shi takardar shaidar mai gida ba. Doka ta ce a yi rajistar adireshi cikin mako biyu da tarewa, kuma tun 2015 ba a yin ta sai da wannan takarda. Na san wani yaro da ya shafe watanni yana kwana a ɗakin wani ɗan wasa, sunansa ba ya jikin akwatin wasiƙa, wasiƙun hukuma suna komawa inda suka fito, lambar harajinsa ba ta iso ba, har lokacin sabunta izininsa ya ƙarato. Sai da dattawanmu na masallaci suka sa baki kafin ya samu adireshin gaskiya. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi ya ji kunyar tambayar wanda ya yi masa alheri. To, a tambaya, kuma a nemi ganin amincewar mai gidan a rubuce kafin kuɗi ya fita daga aljihu.