Babi na Bakwai: Faifan Ajiya Mai Yi Yana Dainawa

Wasu tsofaffin ƙananan kwamfutoci da ake riƙewa a tafin hannu suna ɗauke da faifan ajiya mai juyawa, irin Microdrive da kamfanin IBM ya fitar a 1999, wanda faɗin faifansa inci 1 ne kacal, kuma irinsa mai gigabait 4 aka sa a kwamfutar hannu mai suna Palm LifeDrive a 2005. A cikinsa faifai yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, allurar karatu tana shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Matsalar da ta fi ba mai gyara wahala ita ce mai zuwa ta tafi: yau kwamfuta ta tashi lafiya lau, gobe ta sandare ko ta ce ba ta ga faifan ba.

Duk lokacin da ta yarda ta tashi, ku fara kwafe bayananku zuwa wani wuri, domin babu tabbacin za ta sake ba ku wannan damar. Bayan haka ku samu takarda kuna rubuta halin da ake ciki duk sanda matsalar ta auku: a kan batir take ko a jone da caja, ta yi zafi ko yanzu aka kunna ta, a ajiye take ko ana tafiya da ita.

Mutane da yawa sukan yi saurin yanke wa faifan hukunci, alhali sau da yawa laifin ba nasa ba ne. Faifai ya fi jan wuta a daidai lokacin da zai fara juyawa, saboda haka batirin da ya tsufa yana iya haska allo amma ya kasa tayar da faifan, sai ku ji ƙas, ƙas, sannan shiru. Idan matsalar tana ɓacewa da zarar an jona caja, to batir za a canza. Idan kuwa tana zuwa ne sa'ad da aka matsa jikin kwamfutar ko aka motsa ta, a duba siririn kebul mai kama da kintinkiri da ya haɗa faifan da allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, domin yakan sassauta ko ya tsage a wurin lanƙwasa. A cire batir tukuna, a ɗaga ɗan makullin da ke riƙe da kebul ɗin da farce a hankali, a zare, a mayar da shi daidai. Abu ɗaya ake canzawa a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba.

Faifai da yawa suna ajiye rahoton lafiyarsu da ake kira SMART, wanda manhaja ke karantawa, kuma kowane abu a cikin rahoton yana da lambarsa da adadi a gabanta. Idan adadin da ke gaban lamba 199 yana ƙaruwa, galibi kebul ne. Idan na lamba 5 ko 197 ne ke hawa, fuskar faifan ce ke lalacewa, kuma wannan ba ta gyaruwa. Kada a buga shi, kada kuma a buɗe murfinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi. Inda mazaunin ya dace, ana iya maye gurbin Microdrive da katin ajiya na CompactFlash, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki.