Kurakuran da ke cinye gumin mawaƙin gambara mai zaman kansa, da yadda ake gyara su

Daren da aka gama naɗar waƙa mai daɗi, ba wanda ke son tayar da maganar kuɗi. Mai kiɗa na murna, wanda ya yi amshi na murna, abokin da ya gyara maka baiti biyu shi ma yana gyaɗa kai. A watse a kan "ai mu 'yan'uwa ne". Bayan shekara guda waƙar ta tashi, kuɗi ya fara shigowa, sai kowa ya fito da lissafinsa, kuma ba mutum biyu da nasu ya zo ɗaya. Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai, don yana cinye kuɗi da zumunci a lokaci guda, alhali takarda guda ce maganinsa. Kafin a bar situdiyo a rubuta sunan waƙar, da kwanan wata, da cikakken sunan duk wanda ya taɓa rubutu ko kiɗa, da kaso nawa cikin ɗari zai samu, kowa ya sa hannu. Adalci ya fi sauƙi tun waƙar ba ta kawo ko sisi ba.

Amma kafin rabo, sai ka san abin da ake rabawa. Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai na ƙirƙira, wato kalmomi da karin waƙar, akwai kuma na naɗin da aka yi a situdiyo, wanda ake ce wa masta. Kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby kuɗin masta suke karɓo maka daga manhajojin sauraro, sai fa in ka shiga wani tsarinsu na daban. Kuɗin ƙirƙira ta wata ƙofa yake bi, ta ƙungiyoyin tattara haƙƙin mawallafa, irin su ASCAP da BMI a Amurka, PRS a Birtaniya, SACEM a Faransa. A Amurka an ƙara da wata cibiya mai suna MLC, mai karɓo wa mawallafa kuɗin ƙirƙira daga manhajojin sauraro, wadda ta fara aiki a 2021. Mawaƙa da yawa sukan shekara biyar suna sakin waƙa ba su yi rajista da ko ɗaya ba, suna zaton abin da suke gani a shafin mai rarrabawa shi ke nan. Kuɗin da ba a san mai shi ba kuwa ba ya jira har abada, in ya daɗe akan raba wa wasu. Ka nemi ƙungiyar da ke aiki a ƙasarka, ka yi rajistar kanka, sannan ka yi ta kowace waƙa ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun kiɗan da ake saya a intanet. Yawancin masu araha haya ce, ba sayarwa ba. Mai kiɗan na iya ba wa mutum ɗari hayar kiɗa guda, kuma takardar takan iyakance yawan sauraro ko yawan shekaru, wani lokacin ta hana ka yi wa waƙar rajista a tsarin gano mai haƙƙi na YouTube. A ƙarshen 2018 Lil Nas X ya sayi kiɗa a shafin BeatStars a kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, YoungKio. Waƙar da ya ɗora, Old Town Road, ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 2019. To, ashe a cikin kiɗan akwai tsakure, wato guntun sautin da aka yanko daga wani aikin ƙungiyar mawaƙa ta Nine Inch Nails, sai da aka zauna aka daidaita, aka sa sunayen masu shi cikin mawallafa. Lil Nas X ya ci sa'a, masu haƙƙin sun yarda, kuma a lokacin babban kamfani na bayansa. Kai da ba ka da wannan gata, ka karanta takardar hayar tun daga farko har ƙarshe, ka adana rasit, ka tambayi mai kiɗa a rubuce ko ya tsakuro sautin wani. Da ka ga waƙa ta fara motsi, ka nemi mallakar kiɗan gaba ɗaya kafin wani ya riga ka.

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasa, wai in tsakuren bai wuce daƙiƙa kaza ba, ba laifi. Babu wannan doka. Gambarar zamani, wato hip-hop, ta taso ne a kan yanko tsofaffin faya-fayi, wannan gaskiya ne, kuma fasaha ce mai daraja. Amma tun 1991, da wata kotu a Amurka ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya ɗauki sautin Gilbert O'Sullivan ba izini, har aka janye kundinsa daga kasuwa, wasan ya sauya. Kundayen farko na ƙungiyar gambara ta De La Soul sun yi shekaru ba a jin su a manhajojin sauraro saboda rikicin kwantiragi da na tsakure, ba su shiga ba sai ranar 3 ga Maris, 2023, bayan ɗaya daga cikin su ukun, Trugoy, ya rasu da 'yan makonni. Izini biyu ake nema, na mai masta da na mawallafi. In ka sa aka sake kaɗa karin da hannu, na mawallafin kaɗai ya rage maka, amma shi ma dole ne.

Sayen sauraron bogi kuwa ba sai na ja shi ba. Duk wanda ya ce ka biya shi ya kawo maka sauraro dubu hamsin, na'urori zai saka. Tun 2024 manhajar sauraro ta Spotify ke cin tarar masu rarrabawa a kan waƙar da aka kama da wannan, su kuma sukan sauke ta, wani lokacin har su rufe asusun mai ita. Ko ba a kama ka ba ma, ka rikita manhajar, ba ta ƙara sanin irin mutanen da ya kamata ta kai wa waƙarka.

Gaggawa ma tana da nata ɓarnar. A gama waƙa yau, a ce gobe sai ta fita. Spotify na buƙatar aƙalla kwana 7 kafin ranar fita in kana son masu tsara jerin waƙoƙinta su duba taka, kuma wata guda ya fi. A wannan tsakanin ka saurari waƙar a waya, a mota, a ƙaramar lasifika, ka tabbatar an tace sautin yadda murya ba ta nutse cikin kiɗa ba. Ka rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi, kada waƙarka ta faɗa shafin wani mai irin sunan. Kuma ina roƙon sabon mawaƙi ya haƙura da kundi mai waƙa ashirin. Tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun kuɗin masta a Spotify. Waƙa uku da ka tsaya a kansu sun fi ashirin da ka zubar ka wuce.

A nan zan ɗan ratse zuwa dandamali, don abin na damuna. Mawaƙi ya hau, a kunna waƙarsa da muryarsa a ciki, shi kuma yana tsalle yana cafko ƙarshen baiti. Wanda ya zo kallo ya san bambanci. Ka sa a fitar maka da kiɗan zalla, a bar amshi kawai, ka yi atisaye kana tafiya ko kana sassarfa har numfashinka ya iya ɗaukar baitin. In ya gagara, baitin ne ya cika cunkoso, ka rage masa kaya.

Mabiya a shafin sada zumunta aro ne. Vine, manhajar gajerun bidiyo, ta rufe a 2017 da taurarinta a ciki. A 2019 MySpace, tsohon shafin sada zumunta, ta amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora mata daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, kimanin miliyan 50. Don haka ka ajiye kowane masta a wuri biyu ko uku, kuma ka tara adireshin imel na masoyanka da yardarsu, yadda za ka iya kai musu magana ba da izinin kowa ba. A 2013 Nipsey Hussle ya fitar da kundinsa Crenshaw, ana iya sauke shi kyauta, amma ya buga kwafi 1,000 ya sa dala 100 a kan kowane, kuma suka ƙare. Jay-Z ma ya sayi kwafi 100. Nipsey ya san mutanensa, ya san inda zai same su, shekaru ya yi yana gina wannan.

Wasu sun ɗauka zaman kai shi ne yin komai kai kaɗai, har gajiya ta kashe musu rubutun da ya kawo su harkar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Chance the Rapper ya ci Grammy uku a 2017 ba kamfani, amma yana da manaja da ma'aikata. Macklemore da Ryan Lewis sun hau saman Billboard a 2013 suna masu zaman kansu, amma sun biya ADA, wani reshen babban kamfanin waƙa na Warner, ya yi musu rarrabawa. Abin da suka riƙe shi ne mallaka, aikin kuwa sun raba shi.

Ranar da kamfani ya zo da takarda, nan ake yin kuskure mafi tsada. Kuɗin da ake ba ka a gaba bashi ne, za a cire shi daga kasonka kafin ka sake ganin komai, sau da yawa har da kuɗin bidiyo da na talla. Akwai kwantiragin da ake kira 360, wanda kamfani ke cin kaso a wasanninka, da rigunan da kake sayarwa, da tallan da ka yi. Ba kowace yarjejeniya ce tarko ba. A tsakiyar shekarun 1990 Master P ya ƙulla ta rarrabawa da Priority Records, ya riƙe mastocinsa da kaso mafi tsoka, don ya zo musu da kasuwar da ya riga ya gina da hannunsa. Kafin ka sa hannu ka nemi amsa a rubuce: wa zai mallaki masta, shekara nawa, waƙa nawa ake bin ka, me da me za a cire kafin a biya ka, yaushe haƙƙin zai dawo hannunka. Ka kai takardar wa lauyan da ya san harkar waƙa, wanda kai ka ɗauko shi kuma kai za ka biya, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba. In sun ce dole sai yau, ka ce ka ji, a ba ka mako biyu.