Kafin ku koma PyPy

Jama'a, masu shirin sauya CPython (injin da aka saba gudanar da harshen Python da shi) da PyPy (wani injin na Python da aka gina don sauri) a manhajar da ke kan aiki, kada saurin gwaji ya ruɗe ku. PyPy sai ya ɗumama tukuna, JIT ɗinsa (sashen da ke mayar da umarnin manhaja zuwa harshen na'ura yayin aiki) ya gano inda ake yawan maimaitawa, sannan ya zura da gudu. Aikin daƙiƙa ɗaya ba zai amfana ba, mai dogaro da NumPy (laburaren lissafi na Python) kuwa yana iya ƙara nauyi.

Ni inda na sha wuya fayiloli ne. Idan ba a rufe su da hannu ba, CPython na rufe su nan take da zarar an daina amfani da su, PyPy sai ya ga dama, har saba (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar) ta cika da buɗaɗɗun fayiloli ta tsaya cak. Ku riƙa buɗewa da "with", umarnin Python da ke rufe fayil da kansa idan an gama. Ku fara da saba ɗaya, ido na kan RAM.