Darasi na 6: Nuna wa yaro abin da ya tabbata

Toh jama'a, darasin yau a tsakar gida za a yi shi ba a allo ba. Yaro ɗan shekara biyar duk abin da ya shiga kunnensa gaskiya ne a wurinsa, labarin Gizo da Ƙoƙi gaskiya, abin da mai moto ya faɗa a bakin kasuwa shi ma gaskiya.

Kar ki tsaya dogon bayani, ba zai gane ba. Ɗauko mangwaro uku ki ɗora a faifai ki ce ya ƙirga. Uku. Kira yayarsa ita ma ta ƙirga, uku ɗin dai. Sai ki ce masa ka ga wannan shi ne abin da ya tabbata, ko wa ya zo ya duba haka zai samu. Daga nan ki tambaye su wanne ya fi zaƙi, ai nan musu zai kaure, shi ya ce wannan ita ta ce wancan, ki bar su su ɗan yi sannan ki gaya musu ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, wannan ra'ayi ne kowa da nasa.

In ya ɗan tasa sai a fita da shi waje. Kogin Binuwai ya ratsa ta Garwa, wannan a kai shi bakin gada ya gani da idonsa. Amma akwai wanda ido ba zai kai ba, kamar cewa Kamaru ta samu 'yanci a 1960 kuma Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne shugabanta na farko, nan sai a nuna masa littafin lakwal ya faɗa, kaka ma da ta ga zamanin haka ta ce, bakinsu ya zo ɗaya. Cewa Coton Sport ta fi kowa iya ƙwallo kuwa ra'ayi ne, duk da ni ma haka nake cewa.

Tatsuniya ba ta da matsala, tana da "ga ta nan ga ta nanku" tana da "ƙurunƙus". Mai wuyar ita ce "an ce". Ki koya masa tambaya ɗaya tak: wa ya gani? Sai dai ki shirya fa, ni ranar da na ce wa nawa akwai dodo a rijiya cewa ya yi Baba wa ya gani, dole na sayo murfi.

Aikin gida: rubuta abu biyu da suka tabbata a gidanku da ra'ayi ɗaya, ki karanta wa yaro ya ware su.